K2-18b: An ga alamar rai ne, ko an yi gaggawar shela?

Idan kana bibiyar labaran kimiyya, da wuya a ce labarin nan bai zo kunnenka ba a tsakiyar watan Afrilun 2025. A rana guda manyan kafafen yaɗa labarai suka ɗauka: masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun hango alama mafi ƙarfi da aka taɓa samu ta cewa akwai abu mai rai a wata duniya da ke zagaya wani tauraro daban, ba ranarmu ba. Sunan duniyar K2-18b. Aka kuma rataya wa labarin wani adadi mai kwantar da hankali, wato kashi 99.7 cikin 100. Kafin ka ce me, a Facebook da WhatsApp maganar ta koma "an gano halittu a wata duniya".

To, yanzu da ƙura ta lafa, kuma wasu masana suka sake bin bayanan da kansu, ya kamata mu zauna mu auna aikin. Ga hukuncina tun daga farko, don ka san inda na dosa. Awon da aka yi aiki ne mai wahala na gaske, kuma ya cancanci yabo. Amma shelar da aka yi ta fi ƙarfin hujjar da ke hannu. Adadin nan na 99.7 amsa ce ga wata 'yar ƙaramar tambaya, jama'a kuma suka ɗauke ta a matsayin amsar babbar tambaya. Kuma ban yarda a ɗora wa 'yan jarida laifin duka ba, domin masu binciken da jami'arsu su ma suna da nasu kason.

Wace duniya ce wannan?

Na'urar hangen nesa ta Kepler, ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ita ta gano K2-18b a shekarar 2015. Tana can ɓangaren burjin Zaki, kuma nisanta daga nan tafiyar haske ce ta shekara 124. Ka tuna a shekara guda haske yana cin kusan kilomita tiriliyan 9.5. Faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 2.6, nauyinta kuma kusan sau 8.6. Tana zagaya wani ƙaramin jan tauraro, wanda bai kai ranarmu girma ko zafi ba, sau ɗaya a cikin kwana 33.

Abu biyu ne suka sa masana suka zuba mata ido. Na farko, yawan hasken da take samu daga tauraronta ya yi kusa da wanda muke samu daga rana, don haka ana ganin ruwa zai iya zama a ruwansa, bai daskare ba, bai kuma ƙafe ba. Na biyu, girmanta yana tsakanin na duniyarmu da na Naftun. Cikin duniyoyi sama da 6,000 da aka tabbatar zuwa 2025, masu irin wannan girma suna cikin waɗanda aka fi samu, amma a cikin duniyoyin da ke zagaya ranarmu babu ko ɗaya mai kama da su. Ma'ana, ba mu da wata a kusa da za mu je mu duba mu ce ai ga yadda irinsu suke. Riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Yaya ake karanta iskar duniyar da ba a taɓa ganin hotonta ba?

Duk hoton K2-18b da ka gani a intanet, mai shuɗin teku da jan tauraro a gefe, zane ne na mai zane. Babu wanda ya taɓa ɗaukar hotonta. Abin da ake yi shi ne a jira ta gifta ta gaban tauraronta. A lokacin, hasken tauraron yakan ragu da kusan kashi 0.3 cikin 100. Wani ɗan mitsitsin ɓangare na hasken kuma yakan ratsa ta cikin iskar da ta lulluɓe duniyar kafin ya iso gare mu.

Kowane sinadari a cikin iska yana da launukan haske da yake haɗiyewa. Idan ka baza hasken kamar yadda ruwan sama ke baza shi ya zama bakan gizo, za ka ga wuraren da suka ɗan dusashe, daga nan sai ka yi ƙoƙarin gane wane sinadari ne ya ci su. Wannan dusashewa kuwa ba ta wuce 'yan ɗaruruwa cikin miliyan ba. Shi ya sa sai da na'ura irin James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamban 2021, mai madubin da faɗinsa ya kai mita 6.5, tana zaune kimanin kilomita miliyan 1.5 daga nan.

Ga inda ya kamata ka lura sosai. Na'urar ba ta fito da takarda mai jerin sunayen sinadarai kamar sakamakon gwajin jini a asibiti. Abin da take bayarwa 'yan ɗigo-ɗigo ne a kan jadawali, kowanne da iyakar kuskurensa. Masani ne zai zauna ya ƙirƙiri iskar gwaji a kwamfuta, ya zuba mata sinadaran da yake zato, ya duba ko za ta ba da zane irin na ɗigon nan. Ke nan abin da za ka "gani" ya dogara ƙwarai da abin da ka zuba tun farko.

Me tawagar Kambirij ta ce?

Jagoran tawagar shi ne Farfesa Nikku Madhusudhan. Tun 2021 ya kawo ra'ayin cewa akwai wani rukuni na duniyoyi da teku ya rufe su gaba ɗaya, a samansu kuma akwai iska mai yawan haidirojin, kuma ya sa K2-18b a sahun gaba na waɗanda yake zato. A Satumban 2023 tawagarsa ta ba da rahoton cewa James Webb ta nuna iskar metan da ta kabon-dayoksaid a duniyar. Ta ƙara da cewa akwai 'yar alama mai rauni ta wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, daimetil salfaid, wanda ake taƙaitawa DMS.

Me ya sa DMS ya ja hankali? A nan duniyarmu, kusan dukkansa daga halittu yake fitowa, musamman ƙananan tsirran teku waɗanda ido ba ya gani. Yana cikin abin da ke ba bakin teku warinsa, kuma za ka ji shi a tururin dafaffen kabeji.

A Afrilun 2025 suka dawo da sabon awo, wannan karon da wani sashe na James Webb mai suna MIRI, wanda ke karanta wani yanki daban na hasken da ido ba ya gani. Suka wallafa a mujallar Astrophysical Journal Letters cewa sun ga alamar DMS, ko ɗan'uwansa DMDS, ko duka biyun, a matakin da masana ke kira sigma 3. Sun ƙiyasta yawansa ya kai aƙalla kashi 10 cikin miliyan, wato ya ninka abin da ke iskar duniyarmu sau dubbai. Sanarwar jami'ar ta kira wannan alamu mafi ƙarfi da aka taɓa samu na aikin halittu a wajen yankin ranarmu. Madhusudhan ya gaya wa 'yan jarida cewa bayanin da ya fi dacewa da abin da aka gani shi ne teku cike da rai, ko da yake ya ce a yi taka-tsantsan. Sun kuma ce ƙarin awa 16 zuwa 24 na kallo zai iya kai su sigma 5.

Idan ka duba da kyau, wannan magana tsani ce mai matakala huɗu. Sai an tabbatar akwai alama a cikin bayanan. Sai an tabbatar alamar ta DMS ce. Sai an tabbatar rai ne kaɗai zai iya samar da shi a can. Sai kuma an tabbatar akwai tekun da ake magana. Mu taka su ɗaya bayan ɗaya mu ga wace za ta ɗauki nauyi.

Matakala ta farko: akwai alamar ma kuwa?

Mu fara da 99.7 ɗin nan. Ma'anar sigma 3 ita ce: da a ce babu komai sai hayaniyar na'ura da kuskuren awo, sau 3 cikin 1,000 ne kawai za a sami sakamako mai ƙarfi haka bisa sa'a. Wannan bai ce akwai tabbacin kashi 99.7 na cewa DMS yana wurin ba, balle a ce akwai tabbacin kashi 99.7 na rai. Masana kimiyyar fiziks sukan jira sigma 5, inda damar sa'a ta gaza 1 cikin miliyan, kafin su ce sun gano sabon abu. Da wannan ma'auni aka yi shelar ƙwayar Higgs a 2012.

Ƙari a kan haka, awon MIRI gaba ɗayansa daga giftawa ɗaya tak aka samo shi. Cikin 'yan kwanaki, Jake Taylor na Jami'ar Oksfod ya ɗauki ɗigon da tawagar ta wallafa ya yi musu gwaji mai sauƙi. Tambayarsa ita ce: waɗannan ɗigo suna nuna tudu da kwari na gaske, ko miƙaƙƙen layi ma zai iya ratsa su? A mafi yawan gwaje-gwajensa, miƙaƙƙen layi ya wadatar. Miƙaƙƙen layi kuwa yana nufin ba a ga sinadarin komai ba. Madhusudhan ya mayar da martani cewa gwajin ya yi sauƙi da yawa, bai yi la'akari da yadda iska ta gaske take ba. Akwai ƙamshin gaskiya a martanin. Amma ka yi tunani: alamar da sai ka riga ka san siffar abin da kake nema sannan za ka gan ta, ai ba alama ce mai ƙarfi ba.

Alamar 2023 ɗin ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. A farkon 2025, wata tawaga ƙarƙashin Stephen Schmidt na Jami'ar Johns Hopkins ta sake sarrafa waɗancan bayanai ta hanyoyi da dama. Ta tabbatar da metan, amma ba ta ga hujjar DMS ba. Don haka cewar da aka yi wai sassa daban-daban na na'urar sun yi shaida iri ɗaya, tana buƙatar gyara: shaidu biyu ne, kowanne da rauninsa.

Matakala ta biyu: idan akwai alama, ta DMS ce?

A ganina nan ne babban raunin aikin yake. Tawagar ta zuba sinadarai 20 a cikin iskar gwajinta, ta ga cewa idan aka cire DMS da DMDS zanen yana lalacewa. Sigma 3 ɗin daga wannan kwatanci ya fito. Wato tambayar da aka amsa ita ce: cikin waɗannan 20, wanne ya fi dacewa?

Ka ɗauka an ga sawun takalmi a gona, sawun ma ruwa ya riga ya ɓata shi. Aka tara mutum 20 aka gwada takalmansu, na mutum ɗaya ya fi shiga. Za ka ce an kama ɓarawo? Ai sai ka tambaya, mutum nawa ne a garin ke sa irin wannan takalmi waɗanda ba a kira ba.

Abin da Luis Welbanks na Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinsa suka yi ke nan. Shi Welbanks a Kambirij ya yi digirinsa na uku, ƙarƙashin Madhusudhan ɗin kansa. Suka faɗaɗa jerin zuwa sinadarai kimanin 90, sai ga wasu da dama sun dace da bayanan kamar DMS ko ma fiye, ciki har da wani mai suna furofain, wanda ba ruwansa da farar wuta. Tawagar Rafael Luque ta Jami'ar Chikago kuma ta haɗa dukkan awon James Webb wuri guda, na 2023 da na 2025, ta ce hujjar ba ta isa ba. Sun nuna cewa sinadarai masu ƙwayar kabon ɗaya riƙe da haidirojin uku suna haɗiye haske a wurare masu kama da juna, kuma DMS ɗaya ne kawai daga cikinsu. Wani ɗan gidan shi ne itan, iskar da ake samu a Naftun da sauran manyan duniyoyin ranarmu, inda hasken rana ke farfasa metan ya samar da ita ba tare da wani rai ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane.

Tawagar Kambirij ta mayar da amsa da sabon bincike a kan sinadarai 650. DMS ya fito cikin ukun da suka fi dacewa, kuma sun ɗauki wannan a matsayin ƙarin ƙarfi. Ni kuwa ina ganin akasin haka. A watan Afrilu an ce DMS ne ko ɗan'uwansa. Bayan wata guda an koma cewa ɗaya ne cikin uku. Wannan bincike na 650 shi ya kamata a fara yi kafin a kira 'yan jarida. Sannan akwai wata matsala ta lissafi: tsohon kwaɗo da ya sha jiki, idan ka gwada masa makullai ɗaruruwa, dole wasu su buɗe shi. Bayanai masu yawan hayaniya haka suke. Yawan sinadaran da ka gwada, yawan damar wani ya dace bisa sa'a kawai.

Matakala ta uku: rai ne kaɗai ke samar da DMS?

Jimlar da ta fi yawo a labaran ita ce, a duniyarmu halittu ne kaɗai ke samar da DMS. Kalmar da ya kamata ka ja wa layi ita ce "a duniyarmu". Iskarmu naitirojin ce da oksijin. Ta K2-18b haidirojin ce da metan, kuma hasken da ke dukanta na jan tauraro ne. Abin da ba ya faruwa a nan sai da rai, yana iya faruwa a can ta wata hanya.

Kuma wannan ba zato ba ne kawai. A 2024, Nora Hänni ta Jami'ar Bern a Suwizalan da abokan aikinta sun sami DMS a bayanan kumbon Rosetta na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda ya yi shekara biyu, daga 2014 zuwa 2016, yana rakiyar tauraro mai wutsiya 67P. Wannan kuwa dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, babu wanda ke zaton akwai rai a cikinsa. A shekarar dai, masu bincike a Jami'ar Kolorado da ke Boulder suka haska wa cakuɗen iska mai metan da iskar farar wuta haske a ɗakin gwaji, DMS ya fito. A farkon 2025 kuma masana a Sifen suka ba da rahoton ganinsa a cikin wani gajimaren iska da ƙura kusa da tsakiyar tarin taurarinmu. Duka ukun nan sun riga shelar Afrilu fitowa.

A yi adalci, takardar Kambirij ta ambaci wannan matsala. Hujjarsu ita ce waɗannan hanyoyi ba za su iya tara DMS mai yawan da suka ƙiyasta ba, tunda sinadari ne da haske ke saurin lalatawa, sai da mai zuba sabo kullum. To amma wannan hujja wuƙa ce mai baki biyu. Lissafin Shang-Min Tsai na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ya nuna cewa kafin DMS ya taru har a hango shi a irin wannan duniya, sai halittun can sun samar da shi kusan sau 20 fiye da yadda na tekunanmu ke yi. Idan awo ya ba ka adadi mai ban mamaki haka, abin da ya kamata ka fara tuhuma shi ne awon, kafin ka fara zana teku mai cike da halittu.

Matakala ta huɗu: ina tekun?

Babu wanda ya ga teku a K2-18b. Hasashensa aka yi, kuma babbar hujjar ita ce rashin amoniya a iskarta. Amoniya tana narkewa a ruwa, don haka aka ce wataƙila teku ne ya shanye ta. Hujja ce mai ma'ana, sai dai ba ita kaɗai ba ce. A 2024, Oliver Shorttle, wanda shi ma a Kambirij yake, da abokan aikinsa suka nuna cewa tekun narkakken dutse a ƙarƙashin iska mai kauri zai iya shanye naitirojin ya bar iskar babu amoniya. Nicholas Wogan na cibiyar Ames ta NASA kuma ya nuna cewa duniya mai iska zalla, irin ƙaramar Naftun wadda ba ta da doron da za a taka, ita ma za ta iya ba da metan da kabon-dayoksaid ɗin da aka gani. Ka ga nan ne rashin irin wannan duniya a kusa da mu yake cizo: ba mu da abin kwatance.

Wani abin lura kuma, wannan duniyar ta taɓa ruɗar masana. A 2019 tawagogi biyu suka ba da sanarwar ganin tururin ruwa a iskarta da na'urar Hubble, labarin ya zagaya duniya. Daga baya aka nuna metan ma zai iya ba da wannan alama, kuma da James Webb ta duba a 2023, metan ta gani. Darasin "kama da wane" an riga an koye shi a kan wannan duniya, tun kafin shelar DMS.

Abin da ya cancanci yabo

Kada ka ɗauka ina cewa aikin banza ne. Gano metan a iskar duniyar da ke yankin da ruwa zai iya zama, daga nisan shekara 124 na tafiyar haske, babban ci gaba ne, kuma duk masu sukar sun amince da shi. Tawagar ba ta ƙirƙiri bayanai ba, ba ta kuma ɓoye su ba, shi ya sa wasu suka iya sake lissafin cikin makonni. Ita takardar kimiyyar ma ta fi sanarwar jami'a da hirarrakin taka-tsantsan nesa ba kusa ba.

A Yulin 2025 kuma aka sami ƙarin haske. Wata tawaga ƙarƙashin Renyu Hu na cibiyar JPL ta NASA, wadda Madhusudhan ma yana cikinta, ta ƙara sababbin giftawa huɗu. Sun tabbatar da metan da kabon-dayoksaid, sun kuma ce cikin duniyar yana da ruwa mai yawa, ko da yake awon bai raba gardama kan ko ruwan teku ne a kwance ba. DMS fa? Alamarsa ba ta kai sigma 3 ba. Sun ma nuna cewa irin wannan iska za ta iya haɗa DMS da kanta ba tare da rai ba. An ƙara kallo, kamar yadda aka nema, amma alamar ba ta yi tsalle zuwa sigma 5 ba.

To, laifin wa?

An saba idan irin wannan ta faru a ce 'yan jarida ne suka zuzuta. Wasu kam sun zuzuta. Amma kalmar "alamu mafi ƙarfi" daga ofishin jami'a ta fito, maganar teku cike da rai kuma daga bakin jagoran binciken. Idan masani ya faɗi magana mai zafi sannan ya bi ta da "a yi taka-tsantsan", ya san sarai wacce za ta hau kanun labarai. Maganar awa 16 zuwa 24 ma tana da nata aibin, domin ta sa mai sauraro ya ɗauka tabbaci na nan tafe, lokaci kawai ake jira. Ƙarin kallo yana iya ƙarfafa alama, yana kuma iya share ta. Ko da ma an kai sigma 5, matakala ta farko kawai aka haye, saura uku.

Ba yau aka fara ba. A Agustan 1996 masanan NASA suka ce sun ga abin da ya yi kama da burbushin ƙananan halittu a wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mas, wanda aka tsinta a Antatika a 1984, har Shugaba Bill Clinton ya yi jawabi a kai. Yau mafi yawan masana suna ganin ana iya bayyana siffofin ba tare da rai ba. A Satumban 2020 tawagar Jane Greaves ta Jami'ar Kadif ta ba da rahoton iskar fosfin a gajimaren Zara, kashi 20 cikin biliyan. Aka gano matsala a yadda aka sarrafa bayanan na'urar ALMA da ke ƙasar Chile, adadin ya ragu sosai, wasu kuma suka ce wata iskar farar wuta ce aka ɗauka fosfin. Bayan wannan, a 2021, James Green, babban masanin kimiyya na NASA a lokacin, da abokan aikinsa suka ba da shawarar ma'auni mai hawa 7 na bayyana irin wannan sakamako. Hawa na farko shi ne a tabbatar an ga alamar. Na ƙarshe shi ne wasu masu bincike daban su tabbatar da ita ta wata hanya. A wannan ma'auni, K2-18b ko hawa na farko ba ta gama takawa ba.

Me ya sa wannan ya dame mu? Lokacin James Webb ƙayyadadde ne, masu nema sun ninka abin da ake iya bayarwa sau da yawa, kuma labarin da ya fi amo yana iya jan hankali da kuɗi zuwa gefe guda. Abin da ya fi wannan tsada shi ne amanar jama'a. Miliyoyin da suka ji shelar Afrilu, kaɗan ne cikinsu suka ji gyaran Mayu da na Yuli. Wasu har yanzu suna ɗauka an gano rai. Waɗanda suka ji gyaran kuma, wasunsu sun tafi da tunanin cewa masana kullum sai su faɗi magana su janye. Ranar da hujja ta gaske za ta zo, idan za ta zo, waɗannan mutane ne za a nemi su yarda.

Don haka idan gobe ka sake ganin labari irin wannan, kuma za ka gani, kada adadi mai kashi cikin ɗari ya rufe maka ido. Ka tambaya sau nawa aka kalla, sinadarai nawa aka gwada, da me aka kwatanta, kuma ko wata tawaga daban ta sake lissafin ta sami abu ɗaya. Idan labarin bai ba ka amsar ko ɗaya ba, ka jira wata uku kafin ka tura wa kowa. Game da K2-18b kuwa, abin da ke hannu yau shi ne duniya ce mai iskar haidirojin, da metan, da kabon-dayoksaid, da alamun ruwa mai yawa a cikinta. Wannan kaɗai ya isa a ci gaba da kallonta, kuma ana ci gaba.